Gadar da ke kan kabad ɗin lab

Duk wanda ya yi firaktikal na zoloji tare da mu ya san ta. Gada ce da aka cusa wa auduga tun ba mu shigo makaranta ba, tana kan kabad, ƙura ta lulluɓe ta. Cikinta kamar filo, wuya ya sandare, idanu kuma maɓallan riga ne. Mu dai "Hajiya" muke ce mata, muna ɗaukar hoto da ita muna dariya.

Dariyar ta ƙare ranar da aka raba mana aiki: kowane rukuni ya kawo dabba ɗaya da ya gyara da hannunsa, maki 30. Malam ya gargaɗe mu kada wanda ya kashe naman daji saboda maki, don haka muka sayi fatar ɗan akuya, da kai da ƙafafu, wurin mahauta. A ɗakina na Lokuwa muka baje ta. Watan Afrilu ne, kun san zafin Mubi. Muka ce sai gobe za mu sa gishiri. Washegari da na shafa bayanta, gashi ya biyo hannuna. Ashe a irin wannan zafi sa'o'i kaɗan sun isa ƙwayoyin cuta su cinye saiwar gashin. Maƙwabta kuwa har ƙorafin wari suka kai wa mai gida.

Ta biyun mun kiyaye. Muka kankare nama da kitse, muka zuba gishiri nan take, muka jeme ta da bagaruwa yadda majema ke yi, muka cusa auduga muka ɗinke. Ba wari, ba zubar gashi. Amma wallahi da muka tsayar da ita, ƙanwar Hajiya ce sak.

Ƙarshen mako na je gida na nuna wa Kawu hoton a waya. Tsohon maharbi ne, yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ta jin tsoron komai. Dabbar da ke da rai kullum tana saurare."

Ya shiga ɗaki ya fito da kan burtunsa, wanda yake ɗaurawa a goshi ya sunkuya cikin ciyawa har ya kusanci nama. Ya ce ba baki da fentin ne ke ruɗar barewa ba, yadda kake gyaɗa kan ne, da inda kake tsayawa kamar kana tsintar fara. Ya ce shekara ya yi yana kallon burtu kafin ya fara ɗaura shi. "Kai kwana nawa ka yi kana kallon akuya?" Na yi shiru. Akuyar da nake tsallakewa kullum a hanyar lakca, ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Da na dawo na shiga bincike, sai na tarar Turawa ma sun sha wannan kunyar. A gidan tarihi na Horniman da ke Landan akwai wata ƙatuwar dabbar teku da aka cusa har ta kumbura sumul, saboda waɗanda suka yi aikin ba su san fatarta mai naɗe-naɗe ba ce. Wanda ya sauya sana'ar shi ne Carl Akeley, Ba'amurke da ya rasu a Kwango a 1926. Shi ya daina cusa fata kamar buhu. Sai ya auna dabbar, ya tsayar da ƙasusuwa, ya gina tsoka da jijiya da yumɓu, ya fitar da gangar jiki marar nauyi daga wannan siffa, sannan ya sa mata fata kamar riga. Barewin da ya yi wa gidan tarihi na Field a Chicago, yadda suke a lokuta huɗu na shekara, har yau ana zuwa kallonsu.

A karo na uku muka bi wannan hanya da abin da muke da shi: waya, katako, tsumma da yumɓu. Muka auna daga hanci zuwa ido da kaurin wuya tun kafin a feɗe. Na kwana uku ina zama bakin kasuwar dabbobi da littafi, har wani dillali ya ɗauka haraji na zo karɓa. A nan na ga ƙwayar idon akuya a kwance take, kuma ko ta sunkuya kiwo tana nan daidai da ƙasa. Na ga kunnuwa ba sa fuskantar wuri ɗaya, ɗaya na gaba, ɗaya na bin ƙarar babur. Muka zare guringuntsin kunne muka sa roba siririya don kada ya nannaɗe, muka tura leɓe ciki, muka shafa wa hanci ɗan sheƙi kamar mai danshi.

Da na koma lab na sake duban Hajiya, sai tausayi ya kama ni. Gada tana da wani baƙin tsagi a ƙarƙashin kowane ido, inda take fitar da warin da take shafa wa reshe. A fuskar Hajiya an cike shi, ya ɓace. Ɗalibai nawa suka wuce ta gabanta suna zaton haka gada take?

Abin da ke damuna ke nan. Kawu ya ce a ƙuruciyarsa bayan gari ake ganin gada da mazo. Ni sai dai in yi tafiya zuwa Gashaka-Gumti ko Yankari, in ma an dace. Ƙannena suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba wanda ya taɓa ganin gudun nata. In abin da zai rage musu shi ne na kan kabad, to ya zama wajibi a yi shi daidai.

Makinmu bai fito ba tukuna. Amma na tura wa Kawu sabon hoto ta wayar ƙanena, ya ce a gaya mini kunnen hagu ya ɗan yi ƙasa, sauran kuwa ta fara saurare.

'Yan aji ɗaya da za ku yi wannan kwas baɗi, ku sa gishiri da wuri, kuma ku je ku kalli dabbar tukuna. Masu kawu ko kaka maharbi, ku zauna da su tun suna nan. Allah Ya ba mu sa'a.