Ƙafa Ɗari Biyu Sama da Kano

A Gwammaja aka haife ni, unguwar da jirage ke bi ta kanta in za su sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano daga kudu maso yamma. Muna yara mukan san jirgi da ƙararsa kafin mu gan shi. Da hunturu kuwa ƙarar kaɗai muke samu, domin hazo kan shafe sararin sama har mutum ya kalli rana ido da ido kamar faifan azurfa. Ina son lokacin nan: kunu da zafinsa, wutar kara a ƙofar gida, Baba cikin bargonsa yana jan carbi. Sai da na shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya na san cewa wannan farar ƙura baƙuwa ce, daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iskar arewa maso gabas ke kwaso mafi yawanta.

Filin Kano na da fuska uku, kowace da irin tarkonta. Da bazara zafi kan kai digiri 40, iska ta yi sako-sako, fukafuki su rasa abin kamawa, inji ya rasa ƙarfi, ga filin kuma ya ɗara ƙafa 1,500 a kan teku. Jirgi mai nauyi sai ya cinye titi kafin ya ɗaga. Mu 'yan Gwammaja ba a littafi muka karanta wannan ba. Ranar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgi ya faɗo a kan gidajen unguwarmu jim kaɗan bayan tashinsa, kuma Baba yana cikin waɗanda suka yi ta ɗauko gawa har dare. Da damina hadari kan taso daga gabas, iskarsa ta danno jirgi ƙasa, kamar yadda ya faru da wani jirgin Ingila a 1956. Amma waɗannan biyun ana ganin su, ana lissafa su. Hazo shi ne mayaudari. Daga sama, in ka dubi ƙasa tsaye, kana ganin rufin gidaje da kududdufai sarai, har ka ce babu komai. Da ka karkato hancin jirgi kana neman titi a gabanka, sai duniya ta koma ruwan koko.

Wani dare a watan Janairu ina Legas Yaya ya kira ni. "Jikin Baba fa ya matsa. In da hali ka taho." Da ma ni aka rubuta wa jirgin Kano na safe. Ƙa'ida ita ce matuƙin da hankalinsa ya rabu biyu ya faɗa, a nemo wani. Ban faɗa wa kowa ba, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan shirun ba, ko da yake shi ne ya fi saurin kai ni gida a lissafina.

Da muka tashi, rahoton masu kula da yanayi ya ce ana hangen mita 1,200 a Kano. Kafin mu wuce Kaduna ya koma 1,000. Muna fara gangarowa hasumiya ta ce 800, wato daidai bakin abin da aka yarje mana gwadawa. Muka kama siginar na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi, muka bi ta kamar makaho da sandarsa. Dokar ba ta da wuya: in ka sauko ƙafa 200 ba ka ga titi ko fitilunsa ba, ka ba inji wuta ka koma sama.

Mataimakina yana ƙirga tsayi. A ƙafa 1,000 na saci kallon ƙasa ta tagar hagu, na ga rufin kwano da lunguna, na san nan da daƙiƙu kaɗan ƙarar jirgina za ta ratsa ɗakin da Baba ke kwance. Ɗari biyar. Ɗari uku. Gabanmu fari fat.

"Ɗari biyu, Yallaɓai. Babu titi."

A nan ne zuciya ta yi mini raɗa. Na san filin nan kamar tafin hannuna, ta ce, ƙara ƙafa hamsin kawai, fitilun suna nan. Na yi imani duk matuƙin da ya taɓa kashe mutane a hazo wannan muryar ya ji, kuma ba ƙarya take yi ba, fitilun suna nan ɗin. Tsaikon da na yi bai kai daƙiƙa biyu ba, amma yaron ya lura, don na ga hannunsa ya matso kusa da nawa. Na tura inji gaba, muka ɗaga, da mutum sama da ɗari a bayanmu waɗanda ba su san ina da uba ba.

Muka yi ta kewaya sama da gari kusan rabin awa. Hangen ya faɗi zuwa mita 400. Da mai ya kai iyakar da aka ware, na juya kan jirgin zuwa Abuja, na ba fasinjoji haƙuri da muryar da na saba. Wani dattijo ya tsaya a ƙofa yana faɗa, wai ɗaurin aure muka sa ya rasa. Na ce masa ya yi haƙuri, Alhaji.

Da na kunna waya saƙon Yaya yana jira. Aka yi jana'iza bayan la'asar ina cikin mota tsakanin Kaduna da Zariya.

Washegari Yaya ya raka ni maƙabarta. Ƙura ta riga ta yi wa sabon kabarin farin lulluɓi, har ya saje da na kusa da shi. Ya ce mini jiya da safe, da wani jirgi ya yi ƙara ƙasa-ƙasa sannan ya sake tashi, Baba ya buɗe ido ya tambaya ko ni ne, suka ce ba su sani ba. Muna tsaye muka ji wani ya taho daga kudu, ƙararsa na ƙaruwa. Na ɗaga kai ban ga komai ba, sai na tsinci kaina ina ƙirga masa tsayi.