Kaluluwa

Damina a garinmu, can tsakanin Batsari da Safana inda Dajin Rugu ke fara duhu, ƙamshinta daban ne: jiƙaƙƙiyar ƙasa, dafaffen rogo, da hayaƙin kashin shanu da ake turarawa don korar sauro. Sauron bai taɓa koruwa ba. Duk yaron da masassara ta kayar, Inna kan ɗora shi bisa cinya a gaban aci-balbal, ta laluba ƙasan muƙamuƙinsa da yatsu masu warin daddawa, ta ce, "Kaluluwa ce, ɗan nan, jiki ne ke aike."

Ta ɗan baffana kuwa ba ta sauka ba. Aka ce hangum ne, aka shafa jar kanwa, wanzami ya zo da zabirarsa ya duba ya mayar da ƙahonsa bai ce uffan ba, kunci yana ta ciko, haƙora suna girgiɗi. Ni kuwa me nake yi? Ƙyashi. Shi ake dama wa fura da nono mai maiƙo, shi zai shiga mota har Katsina, har Zariya. Wai ni ne yaron nan!

Sai da gemu ya fito mini na ji sunan cutar: sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, aka kuma gano ƙwayar cutar Epstein-Barr cikin ƙullutunta a 1964. Ashe aiken da Inna ke faɗa gaskiya ne. Fararen ƙwayoyin jini suna tura wa juna sinadaran saƙo, saitokin: IL-6 ya hura zazzaɓi, IL-10 ya ce masu gadi su sassauta, ƙwayoyin B kuma su yi ta haihuwa. Zazzaɓin cizon sauro damina bayan damina ba ya barin kiran ya lafa, ita kuma Epstein-Barr har nata IL-10 na jabu take ƙerawa, har ƙwaya guda ta kauce hanya ta ƙi tsayawa.

Bayan girbi ɗan baffan nawa ya dawo, kansa tal ba gashi, kuncin ya sace, yana warin asibiti, da wata 'yar kwalbar allura fanko mai murfin roba a aljihun taguwarsa. Na yi masa tayin gwafata da goruba biyu. Ya hana ni.