Yaron da Na Kira Daƙiƙi

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata kalma da na furta a cikin aji a shekarar 2022, wadda har yau idan na tuna da ita sai na yi istigfari. Kalmar ita ce "daƙiƙi". Wanda na jefa da ita kuwa yaro ne ɗan shekara 15, dogo, mai yawan shiru, da ke zama a bencin ƙarshe na aji biyu na ƙaramar sakandare, a wata makarantar jeka-ka-dawo da nake koyar da lissafi a kudancin Jihar Katsina. Na rubuta a allo cewa a haɗa rabi da kashi ɗaya bisa huɗu, na kira shi ya fito. Ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta biyu bisa shida. Karo na uku ke nan a mako guda. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina, yara sama da saba'in suka tuntsire da dariya. Ya ajiye alli a hankali, ya koma mazauninsa. Washegari bai zo ba, haka ma wanshekaren ta.

A rana ta huɗu sai ga kawunsa a ƙofar ofishin malamai, ya tuɓe takalmi, muka gaisa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan ya ce kun ce ba shi da kan karatu. In haka ne ku gaya mini gaskiya, in mayar da shi kasuwa ya kama awo gadan-gadan, tun da can babu mai cutarsa ko da rabin tiya." Bai zo da faɗa ba. Hukunci ya zo karɓa daga bakin wanda yake zaton ya sani, kuma da na ce masa eh, da karatun yaron ya ƙare a wannan hantsi.

Daga bakinsa na ji abin da ban taɓa tambaya ba. Mutanen wani ƙauye ne a yankin Sabuwa, ta wajen iyaka da Birnin Gwari. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san yadda shekarun nan suka kasance. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona. A watan Yuni aka kai hari Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari, aka kashe mutane da dama. Daren 11 ga Disamba 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai, sai ranar 17 ga watan aka sako 344, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta rufe makarantun kwana. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A tsakanin waɗannan abubuwa da duniya ta ji, akwai ƙauyukan da malaman firamarensu suka daina zuwa shiru, babu wanda ya rubuta labarinsu. Da muka ƙirga da kawun, tun daga aji huɗu na firamare yaron bai samu zangon karatu biyu cikakku ba. An sa shi a ajina ne saboda tsawonsa da shekarunsa. Ashe abin da na yi wa fushi a kai babu wanda ya taɓa koya masa shi.

Na roƙi a dawo da shi. Da aka tashi daga makaranta na tsayar da shi shi kaɗai, na ba shi haƙuri, abin da ya ba shi mamaki har ya kasa ɗaga kai. Sannan na ce, "Kai, idan mace ta sayi rabin tiya ta masara, ta dawo ta ƙara kwata, nawa ka auna mata?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Tiya ba kwata, Malam." Na ce ya zana mini tiyar a ƙasa, ya raba ta gida huɗu, ya nuna mini inda rabi ya tsaya. Ya nuna gida biyu. Na ce ya ƙara ɗaya. Ya daɗe yana kallon zanen, can ya ce, "Uku bisa huɗu ke nan?" Lissafin yana kansa tun tuni; rubutunsa ne bai sani ba.

A daren nan na tuna da wani labari da Tajuddin Subki ya kawo a cikin Ɗabaƙatus Shafi'iyya game da Rabi'u ɗan Sulaiman al-Muradi, almajirin Imamu Shafi'i a Misira. An ce Rabi'u mai jinkirin fahimta ne. Wata rana Imam ya maimaita masa mas'ala guda har sau arba'in bai gane ba, kunya ta kama shi ya bar majalisin. Sai Imam ya kira shi a keɓe, ya ci gaba da maimaitawa har ya gane. Wannan Rabi'un, wanda ya rasu a shekara ta 270 bayan Hijira, shi ne mashahurin mai ruwaitar Al-Umm da Ar-Risala. Ni sau uku kawai na maimaita, na yanke hukunci. Haka nan a cikin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, littafin da zaurukanmu suka daɗe da sani, an ambaci cewa Imamu Abu Hanifa ya shaida wa Abu Yusuf cewa a farko shi ba mai saurin ganewa ba ne, naci ne ya fitar da shi. Abu Yusuf kuwa shi ya zama babban alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid.

Na san abin da wani zai ce, domin wani abokin aikina ya faɗa mini: basira baiwa ce, Allah bai raba ta daidai ba. Gaskiya ne, kuma duk malamin da ya ce ɗalibansa duka saurinsu ɗaya bai faɗi gaskiya ba. Amma wa ya nuna mini iyakar rabon wannan yaro? Aya ta 78 ta Suratun Nahli ta tunatar da mu cewa kowanenmu ya fito duniya bai san komai ba, aka ba shi ji da gani da zuciya. Malamin da ya dubi ɗan shekara 15 ya ce ba zai taɓa iyawa ba, ya yi magana a kan gobe, alhali ilimin gobe ba a hannunsa yake ba. Abin da ya halatta gare ni in faɗa shi ne abin da na gani: bai iya ba tukuna. Kalmar "tukuna" ɗin nan malaman allo sun fi mu riƙe ta. Almajiri ya zo biyawa ya yi tuntuɓe, sai a ce karatu bai zauna ba tukuna, je ka ƙara. Ban manta da dorinar da ke gefen buzun ba, kuma ba ita nake yabo ba. Amma kuskuren allo ana wanke shi a sake rubutawa, namu kuwa na jan biro yana zaune a littafi har ƙarshen shekara, ga kuma karanto sunan na ɗaya da na ƙarshe a gaban taron ɗalibai.

Daga baya na karanta aikin Carol Dweck, malamar ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, wadda ta shahara da bambance ɗalibin da ke ganin basira a daskare take da wanda ke ganin tana girma da aiki. A wani bincike da ta buga tare da Claudia Mueller a 1998, an ba yara 'yan aji biyar wasu tambayoyi, aka yabi wasu da cewa masu ƙwaƙwalwa ne, wasu kuma aka yabi ƙoƙarinsu. Waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu sun fi zaɓar aiki mai sauƙi a gaba, sun fi karaya da aka ba su mai wuya, wasunsu har suka ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Wannan ya buɗe mini ido a kan wata yarinya a bencin gaba, wadda kullum nake kira "haziƙar aji". Na lura ba ta ɗaga hannu sai ta tabbatar da amsa. Ashe ita ma na ɗaure ta, sai dai da igiyar alharini.

Abin da na sauya ba shi da yawa. Na daina yabon kai, na koma yabon hanya: ka zana kafin ka lissafa, kin sake gwadawa ta wata fuska. Idan yaro ya yi kuskure a allo ba na gogewa nan take, sai mu nemi inda tunanin ya kauce, domin sau da yawa rabin ajin kuskuren nan suke yi a ɓoye. Ranar da ni kaina na ɓata wani lissafi, wata yarinya ta kama ni, na tsaya na gode mata a gaban kowa, ko da yake, in faɗi gaskiya, sai da na haɗiye wani abu a maƙogwaro. Gwajin mako kuma na ba da damar a gyara a sake kawowa.

Kada ɗan'uwa ya ɗauka laƙani ne. Babban binciken da David Yeager da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2019, a kan ɗalibai sama da 12,000 a makarantun gwamnati 65 na Amurka, ya samu ƙarin maki ɗan kaɗan ne, kuma ga masu rauni ya fi bayyana. Wani nazarin da suka fitar a 2022 ya nuna cewa a darasin lissafi amfanin ya fito ne a ajin da malamin shi kansa ya yarda ɗalibi na iya girma. Ni ma na ga iyakar abin da idona. Ce wa yaro "ƙara ƙoƙari" ba tare da ka sauya yadda kake koya masa ba wani nau'in zalunci ne, domin idan ya sake faɗuwa zai ce ko ƙoƙarin ma bai yi masa rana ba. Kuma babu kalma mai daɗi da za ta cika cikin da bai karya kumallo ba, ko ta kwantar da wanda faɗuwar benci ke sa shi zabura. Akwai yara biyu a ajin nan da na yi duk abin da na sani, suka bar karatu duk da haka.

Shi dai yaron ya zauna. Bai zama na ɗaya ba, bai ma shiga goman farko ba, Turancinsa kuma da sauran aiki mai yawa lokacin da ya gama aji uku. A zangonsa na ƙarshe aka kawo mana wani sabon ɗalibi daga wajen Faskari, aka ajiye shi a bencin baya. Wata rana lokacin tara na dawo ɗaukar jakata, na tarar da su biyu a tsugune bakin ƙofa, an zana tiya a ƙasa da tsinke, an raba ta gida huɗu. Sabon yana cewa shi fa ba ya gane lissafi ko kaɗan. Nawa ya share zanen da tafin hannu, ya miƙa masa tsinken, ya ce, "To kai zana taka mu gani."