Barikin Unguwarmu Ba Na Sayarwa Ba Ne

Duk wanda ya san Kaduna ya san Barikin Kalapanzin, wanda ya san Zariya kuma ya san na Chindit, amma ba kowa ne ya taɓa tambayar asalin waɗannan baƙin sunaye ba. To, mai karatu, daga ƙasar Bama suka zo. Kalapanzin kogi ne a can, Chindit kuwa wata runduna ce ta musamman da sojojin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944. Turawan Ingila ne suka kwashi samarinmu suka kai su yaƙar Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Gwamnati ta adana sunayen a allunan barikoki. Mutanen kuwa, kowa ya koma garinsu da akwatin ƙarfe da lambar girma.

Mu ma a unguwarmu a Birnin Gwari muna da namu barikin, ko da yake da tsokana aka sa masa sunan. Wani fili ne mai ɗakuna biyar na ƙasa, da rijiya, da tsamiya a tsakiya. Mai unguwar wancan zamani ne ya yanka wa 'yan Bama da suka dawo, ciki har da ƙanen kakana, domin wanda ya tarar ba shi da kowa ya sami wurin kwanciya. Ba a rubuta komai ba. A lokacin maganar dattijo ita ce takarda. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, waɗanda suka dawo daga can suka shiga sahu. A gindin tsamiyar nan muka fara jin Hausar bariki, a nan kuma ake tara wa wanda fanshonsa ya maƙale kuɗin magani.

Sai daji ya rikice. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ya faru a Dogon Dawa a 2012, da Gwaska a 2018, shekarar da aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. Gonakin da ke maƙwabtaka da dajin Kamuku suka gagari masu su, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiya. Mutanen ƙauye suka kwararo cikin gari, uku daga ɗakunan bariki suka cika da mata da yara.

A daminar 2021 muka ji an yi wa bariki ciniki. Jikokin wani sajan, wanda shi ya fara aza tubali a wurin, suka ce filin gadonsu ne, wani mai sayen zinariya kuma har ya ajiye kafin alƙalami. Nan take unguwa ta ɗauki zafi, masu zagi na yi, masu tsinuwa na yi. Ni dai ban ga abin zagi ba, domin kuwa ɗan'uwansu yana hannun 'yan bindiga, an yanka musu kuɗin fansa, an ba su wa'adi. Sun sayar da shanu, sun sayar da babur. Wanda aka riƙe wa ɗan'uwa a daji, da wane baki za ka yi masa zancen tarihi?

A zauren mai unguwa aka taru bayan la'asar. Babban jikan ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba son ranmu ba ne. Idan akwai wata hanya a nuna mana." Wani tsohon kofur na yaƙin basasa, wanda ido ɗaya ya rage masa, ya dogara sandarsa ya miƙe ya ce, "Ɗana, da hannuna na haƙa kabarin kakanka. Ba mu zo jayayya da kai ba. Faɗi abin da aka taya, ka ba mu kwana bakwai."

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Mata suka juyo da kwasar adashinsu. 'Yan acaɓa suka sa wa kansu haraji kullum. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar masara, a shekarar da masara ta fi ƙarfin talaka. 'Yan unguwa mazauna Kaduna da Funtuwa da Legas suka turo abin da ya sawwaƙa. Kuɗin bai kai ba sai da wata gwaggona ta ɗora tunkiyarta da 'yan kunnen aurenta. Shi ma mai zinariyar, a faɗi gaskiya, da dattawa suka same shi ya karɓi kuɗinsa ba tare da gardama ba. Yaron ya dawo bayan makonni, ƙafafunsa a kumbure.

Amma a ganina babban aikin shi ne wanda limaminmu ya kawo. Cewa ya yi idan aka tsaya a nan, gobe jikokin wani za su taso, tunda babu sunan kowa a kan filin. Don haka a mai da shi waƙafi, domin a shari'a waƙafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Aka je gaban alƙali da shaidu, magada suka sa hannu, aka rubuta iyakoki huɗu, aka rubuta cewa wurin na tsofaffin sojoji ne da matan da suka bari, in babu su kuma na duk wanda tsoro ya koro daga gidansa. An yi takardar uku: ɗaya wurin liman, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a akwatin ƙarfen kofur.

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara, filaye suka fara daraja. Ba a jima ba wani dillali ya zo yana auna bariki da ido, yana tambayar wa zai gani. Aka kai shi wurin kofur, ya buɗe akwati ya miƙa masa takardar, ya ce ya karanta da ƙarfi don shi idonsa ba ya gani. Yanzu abin da ke gabanmu rufi ne, domin ɗakuna biyu na yoyo, kuma rijiyar na neman yasa.