Akwatin Tambaya Mai Haske

A shekarar 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wasan Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto ya jagoranci tsara shi. A cikinsa akwai wani akwati ruwan ɗorawa da ke rataye a sama, da ayar tambaya a jikinsa; in Mario ya yi tsalle ya buge shi daga ƙasa, sai kuɗi ko naman kaza ya fito. Wannan akwatin na ƙudurta mayarwa fitilar katako, domin zafin bazara a Zinder yakan zo da ɗaukewar wuta, jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa.

Na'urar wancan zamani ba ta iya zana lanƙwasa mai santsi. Akwatin duka ɗigo 16 ne a tsaye, 16 a kwance, kowane ɗigo murabba'i. Wannan ƙarancin ya zame mani sauƙi: na yanka allo shida, kowane santimita 16 tsawo da faɗi, na ja layuka, kowane santimita ya tsaya a madadin ɗigo guda. Ayar tambayar ta fito da kusurwoyi kamar matakalar soro.

Wurin huda katakon ne na nemi wani dattijon kafinta na unguwarmu. Na yi ta fama in bayyana masa “piksel”, ya dubi allon ya ce: “Ɗana, ai gidajen dara ne ka zana. Faɗa mini waɗanda za a ci.” Mun kwashe watanni a aji muna gardama ko “ɗigon hoto” ya dace, ga shi wanda bai taɓa riƙa na'urar wasa ba ya samo sunan daga wasan da ya sani. Da “gida” muka ƙare aikin, ba wanda ya ruɗe.

Ya fafe gidajen, na goge, na shafa fenti, na manna farar takarda mai shara-shara ta ciki don hasken ya bazu kada ya soki ido. Na sa ƙananan ƙwayayen LED masu aiki da bolt 5, waɗanda ba su zafin da zai ƙona takarda, na haɗa su da batirin cajin waya.

Kafin a rufe akwatin, dattijon ya juya allo guda ya leƙa ta baya, sai ya yi murmushi. Ayar boko ta birkice ta koma irin ta rubutun Larabci, mai fuskantar dama. Muka kafa allo biyu haka da gangan: fuska biyu na boko, biyu na ajami.

Haskenta yana isa karanta shafi ɗaya kurum, amma ƴan ɗakinmu uku sun riga sun kai wa dattijon nasu katakon.