Ɗakin Sirace A Gidanmu Na Kafanchan

Yau zan ɗan kauce wa maganar siyasa da muka saba, in ba ku labarin wani ɗan aiki da na yi a banɗakin gidanmu, wanda ya jawo mini gardama da yayana har muka kwana biyu ba ma waya.

Asalin maganar daga Inna ne, wato mahaifiyata. Duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san sanyin Disamba da Janairu, yadda iska ke gangarowa daga duwatsun Kagoro da asuba ta shiga ƙashi. Da zarar hunturu ya kama, sai mura ta toshe mata hanci, gaɓoɓi su riƙe, ba ta da magani sai sirace. A dafa ganyen darbejiya da na gwaba da mangwaro, a jefa citta da ɓawon lemun tsami, a sauke tukunya a gabanta, ta lulluɓa da bargo ta zauna kan kujera 'yar tsugunno. Haka ta taso ta ga uwarta na yi. To amma a hunturun 2022 bargon ya kama hannun tukunya, ruwan ya kife mata a ƙafa. Makonni muka yi muna zuwa wankin ciwo. Tun ranar na ce ba za a sake ajiye tafasasshen ruwa a gaban tsohuwar da ta haura saba'in, kanta a rufe, ba ta ganin gabanta ba.

Ana cikin haka aiki ya kai ni Abuja, aka sauke mu a wani otal mai ɗakin wankan tururi. Na shiga, na zauna minti goma, na fito ina dariya ni kaɗai. Ashe siracen Inna ne aka yi wa tayil da ƙofar gilashi. Irinsa ne Turkawa da mutanen Maroko ke kira hammam, ɗumin bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba, amma iskar cike take da danshi. Ya bambanta da saunar mutanen Finland, wadda zafinta busasshe ne, yana kai digiri 80 ko fiye. Na dawo gida da niyyar yin irinsa.

Da na fara tambaya sai jikina ya yi sanyi. Injin da ke dafa ruwa ya turo tururi, ko na ƙaramin banɗaki ne, yana cin kilowat shida zuwa tara na wuta. Janaretanmu ko rabin haka bai kai ba, wutar gari kuwa kun san halinta, sai ta ga dama. Ga fetur, tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Sayen injin ya zama kamar sayen doki alhali ba ka da ciyawa.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijon magini ne ɗan Kagoro, wanda mahaifinsa ya yi aikin reluwe tare da kakana. Ya zo ya duba banɗakin, ya zagaya bayansa, ya ce, "Alhaji, garin nan fa tururi ne ya kafa shi. Iyayenmu da gawayi da ruwa suka riƙa kai jirgi Jos da Inugu, kai ɗaki ɗaya ne zai gagare ka?" Dabararsa ita ce a gina murhu a waje, jikin bango, a ɗora tukunyar ƙarfe mai murfi, a jona mata bututu ya ratsa bango ya shiga ciki. Wuta da hayaƙi suna waje, tururi kawai ke shiga. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada a taɓa shigar da gawayi cikin rufaffen ɗaki, domin iskarsa na kashe mutum ba wari ba ƙara, kuma kada a sa wa bututun famfon rufewa ko a ɗaure murfin tukunyar tamau, don tururin da bai da hanyar fita fashewa yake yi.

Muka yanki wani lungu na banɗakin, kamu biyar a kamu huɗu. Aka sauke rufinsa zuwa kamu bakwai don kada ɗumi ya tsere sama, aka ɗan karkata shi yadda ruwan da ya taru zai bi bango ya gangara maimakon ya ɗiga a kan mutum. Aka shafe bango da sumunti mai maganin hana ruwa ratsawa kafin a manna tayil har rufi, domin silin na kwali ko na fulasta ba ya jure danshi. Ƙasa aka sa tayil mai kaushi saboda santsi. Aka gina dakalin zama, aka kafa ƙarfen riƙewa a gefe. Bakin bututun yana ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe, nesa da ƙafar mai zama. Ƙofa waje take buɗewa, ba ta da sakata.

Ana tsakiyar aiki yayana ya kira daga Kaduna. Shi tun bayan rikicin zaɓe na Afrilun 2011, da aka ƙona kasuwa da gidaje aka rasa rayuka ta kowane ɓangare, ya kwashe iyalinsa bai sake kwana uku a jere a garin nan ba. Ya ce, "Kai yanzu a Kafanchan za ka binne kuɗi a bango? Ka saya mata abin da za a iya ɗorawa a mota mana." Na ce, "Yaya, ai Inna ba a mota take kwana ba." Ya kashe waya.

Ban ga laifinsa ba, domin abin da ya faɗa shi ne abin da yawancinmu ke yi ba tare da mun furta ba. Ku duba gidajenmu. Za ka ga mutum da firji da talabijin da babur sabo, amma rufin ɗakinsa na yoyo shekara goma, makewayinsa ko ƙofa babu. In ya samu kuɗi sai ya sayi fili a Zariya ko Kano, garin da 'ya'yansa ba su san kowa ba. Wanda ya ga Maris na 1987, ya ga 1999, ya ga 2011, ba a ce masa matsoraci. Amma ni na zauna na yi lissafi. Kakana ya zo garin nan daga ƙasar Kano bayan layin dogo ya haɗu a nan a 1927, kafin ma a dawo da fadar Sarkin Jama'a daga Jama'a Sarari a 1933. An binne shi a nan, an binne mahaifina a nan. In har ni jikansa ban iya manna tayil hamsin a gidan da aka yanke mini cibiya ba, to ni da kaina nake ce wa kaina baƙo kafin wani ya faɗa.

Kafin Inna ta fara shiga na kai ta wurin likita, saboda tana da hawan jini. Ya ce tururi na sassauta toshewar hanci da tsamin jiki na ɗan lokaci, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya maye gurbin magani. Ya tuna mini cewa tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan zafin wankan jego da kunun kanwa, don haka zafi ba abin wasa ba ne ga mai raunin zuciya. Sharaɗinsa: minti goma, ta sha ruwa kafin ta shiga, wani na tsaye a ƙofa, in ta ji jiri ta fito. Mai ciki da ƙananan yara kada su shiga. Don Allah duk mai sha'awar yin irin wannan ya fara da likita kafin magini.

Ranar farko matata ta hura gawayi, aka zuba ganyen da citta a tukunya. Inna ta leƙa, ta ce, "Yanzu duk wannan ɓarnar kuɗi don sirace?" Ta shiga tana mita. Da minti goma ya cika sai da na ƙwanƙwasa sau uku. Ta fito tana share fuska, ba ta ce mini komai ba, sai ta ce wa matata a aika wa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bajju da suke gaisawa ta kan katanga shekara arba'in, a ce mata ta zo gobe da zanenta, ita ma gwiwa na damunta.

Yaya ya zo da ƙaramar sallah. Ya shiga ya duba, ya ƙwanƙwasa tayil da yatsa, ya tambayi nawa na kashe. Na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya yi shiru, can ya ce in turo masa maginin ya duba rufin ɗakin Baba da ke yoyo, shi zai biya kuɗin kwano.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.