Gwiwa da liman

Likita in yana maganar aikin gwiwa, tafiya yake dubawa da hawan bene. Ni kuwa sujada nake dubawa da zaman tahiya.

Hoton da aka ɗaukar mini a asibitin ƙashi na Igbobi ya nuna guringuntsin gwiwar dama ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. 'Yan'uwa a kasuwa sun ce in je wajen mai ɗori. Allah ya saka musu da alheri, amma mai ɗori karaya yake gyarawa, abin da ya cinye ba ya ɗoruwa. Ƙwayar diclofenac da muke sha kamar gyaɗa a Mile 12 tana kashe zafi, tana kuma cin ciki da ƙoda. Allurar cikin gwiwa kuwa makonni ce ko 'yan watanni.

Saura aiki: a share kan ƙashin, a sa ƙarfe da roba. Yawanci yakan kai shekara 15 zuwa 20, to mai shekara hamsin da ɗoriya kamata ya yi ya sa ran ana iya sake buɗe shi. Akwai tsoron ƙwayar cuta ta shiga wurin, ko jini ya daskare a jijiya, mai ciwon suga irina kuma sai ya daidaita shi tukuna.

Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya tsaya mini shi ne gwiwar ƙarfe ba kasafai take naɗuwa har mutum ya zauna a kan ƙafarsa ba. Salla a kan kujera halal ce ga mai uzuri, ba gardama. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya gaza wani rukuni ba ya jan masu iyawa. Ka ga ke nan tafiya na iya dawowa, limanci ya tafi. In kuma na ƙi, ciwon da kansa zai zaunar da ni, ko yanzu da dafa bango nake tashi daga sujada.

Na yi istihara. Zan ba gashi da rage ƙiba wata shida. In ba sauƙi, sai damina, lokacin da motocin tumatir ke raguwa, in tafi asibitin Dala a Kano inda nake da masu jinya. Yaron da ke kira mana salla ya fara jan Azahar tun makon jiya.